Yadda Ake Tara Jama'a Wurin Wasan Kwaikwayo a Jidda

'Yan'uwa sun sha tambayata yadda muke cika zaure ranar wasa. Ga matakan da muke bi.

1. Ku nemi izini daga Hukumar Nishaɗi ta Saudiyya. Hattara: kada ku sayar da tikiti kafin izinin ya fito.
2. Ku tsayar da daren Alhamis bayan sallar Isha'i, tunda Juma'a da Asabar ne ranakun hutu.
3. Ku rubuta sanarwar da Hausa da Larabci, domin da yawa daga yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa a baki, amma Larabci suke karantawa.
4. Ku sanya kwanan watan Hijira tare da na Miladiyya. A nan ake yawan kuskure, mutum ya zo washegari ya tarar an watse.
5. Ku ɗauki bidiyon rabin minti a wurin gwaji.
6. Ku tura shi WhatsApp da Snapchat.
7. Ku taka da ƙafarku zuwa gidajen dattawa ku gayyace su, domin a ganina idan Alhaji ya amsa, iyalinsa duka sun amsa.
8. Ranar wasan da hantsi, ku aika da taswirar wurin.