Kafin ka kama haya a birnin Meksiko, duba ƙasan ɗakin

Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, amma ba mu taɓa barin namu ya kwana a tasha ba. Matsalar ita ce ku sababbin zuwa ba kwa jin magana. Kowa ya sauka, tambayarsa ɗaya: ina ɗaki mai araha?

Takardu ba su wahalar da ni ba. In ka shigo da bizar zama, kwana 30 gare ka ka je ofishin shige da fice a ba ka kati. Abinci ma da sauƙi. Tortilla, gurasarsu, masara ce da ake dafawa da farar ƙasa tun zamanin Aztek, mutanen da suka mulki yankin kafin zuwan Turawa, kamar yadda iyayenmu mata ke jefa kanwa a tukunya. Amma tamal (kamar alalen masara) da pozole (romon masara da nama), ka tambaya tukuna, don sau da yawa da kitse ko naman alade ake yin su. Cefane kuwa sai tianguis, kasuwar mako, wadda har yau sunanta na Nahuatl ne, harshen Aztek.

Gida ne ya ba ni kashi. Ɗan'uwa, birnin nan a kan tafki yake zaune. Aztek sun kafa birninsu Tenochtitlan, inda birnin Meksiko yake yanzu, a tsibiri cikin tafkin Texcoco a 1325, Sifaniyawa suka ci garin a 1521, aka yi ta janye ruwan ana gini a kan laka. Shi ya sa ƙasar ke lotsawa har gobe, kuma girgizar ƙasa, irin ta 1985 da ta 2017, ta fi ɓarna a unguwannin da ke kan tsohon tafkin.

Ni da zuwana na ga ɗaki mai arha, na yi tsalle na kama. Mai gidan ya ce in kawo aval, wato wanda zai tsaya mini, wanda kuma ya mallaki gida a garin. Baƙo ina zai samo shi? Sai ya karɓi kuɗin ajiya na wata biyu. Daren farko na ajiye lemo a ƙasa, ya gangara da kansa har bakin ƙofa. Ƙofar ma sai da kafaɗa take rufuwa. Ranar da zan tashi ya nuna mini tsagewar bango, wai ni na yi, ya riƙe kuɗina kaf.

Don haka ka tafi duba ɗaki da lemo a aljihu. Ka ɗauki hoton kowace tsaga kafin ka sa hannu, ka kuma tambayi maƙwabta ko ruwan famfo na zuwa kullum ko sai motar ruwa ta kawo.