Babi na 6: Gane Ko Maganin Sankarar Mama Yana Aiki Kafin Tiyata

Darasi na 1: Awon farko

'Yar'uwa, wani lokaci likita yakan fara ba mai sankarar mama maganin kemo, wato ruwan magani mai kashe ƙwayoyin sankara, kafin tiyata, domin ƙullutun ya ragu. Galibi ana ɗaura ruwan maganin duk bayan mako 3, sau 6 ko 8. Kafin a fara, sai an auna ƙullutun. Likita zai taɓa shi da hannu, ya lalubi hammata ko akwai kaluluwa, sannan ya tura ki hoto: sikanin ko mamogiram, wato hoton mama na musamman. A wasu asibitoci ana sa ɗan mitsitsin ƙarfe a cikin ƙullutun, don a gane wurin ko da ƙullutun ya ɓace.

Ki nemi littafin rubutu. Duk ranar awo ki rubuta kwanan wata, da awon, da kuma ko da hannu aka auna ko da hoto. Awon hannu da na hoto sukan ɗan bambanta.

Darasi na 2: Karanta awon

A takardarki za ki ga rubutu kamar haka: 40 x 30 mm. Alamar x ba ta nufin an soke wani abu. Tsawo da faɗi take rabawa.

Yanzu ki natsu, nan ne ake yawan tuntuɓe. Bayan lamba akwai haruffa 2. In kin ga cm, santimita ke nan. In kin ga mm, milimita ke nan. Ɗauko rular yaronki ta makaranta. Daga dogon layi mai lamba zuwa na gaba, santimita 1. Ƙananan layukan da ke tsakani su ne milimita. Milimita 10 ce santimita 1.

Kada ki karanta lamba sai kin duba haruffan.

Misali: awon farko 4 cm. Bayan wata 2 takardar sikanin ta ce 25 mm. Sai ki ga mace ta ɗora hannu a ka, wai 4 ya zama 25, ciwo ya ƙaru. A'a! 4 cm daidai yake da 40 mm. Daga 40 zuwa 25 raguwa ce, ki yi hamdala. Sa yatsa a kan rula ki gani da idonki.

Mu sake. Haruffa tukuna, sannan lamba. In cm ne, kuma lambar ba ta da ɗigo, ƙara mata sifili a baya, ta koma mm. 3 cm ya zama 30 mm. 5 cm fa? Rubuta. Wanne ya fi girma, 3 cm ko 18 mm? In kin ce 18, ba komai, sannu a hankali. Koma ki duba haruffan. Ki sake dubawa.

Likitoci sukan ce magani ya karɓa in tsawon ya ragu da kashi 30 cikin 100, kamar daga 40 mm zuwa 28 mm.

Darasi na 3: In ƙullutun ya ɓace

Haba iyayena mata! Sau nawa za a faɗa? Da zarar kun daina jin ƙullutu sai ku ce an warke, ku ɗauke ƙafa daga asibiti, ku koma jiƙe-jiƙe. Hannu ba ya jin ƙwayar sankara, hoto ma ba ya ganin duka. Ko ya ɓace ɓat, sai an ƙarasa kemo, kuma sai an yi tiyata, galibi mako 3 zuwa 6 bayan ruwan ƙarshe. Maigida, kai ma da kai nake.

Darasi na 4: Bayan tiyata

Naman da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan sakamakon ne ke nuna ko akwai sauran sankara, kuma da shi ake tsara maganin gaba. Ki karɓo shi, ki adana.

Darasi na 5: In ya ƙaru

In ƙullutun yana girma ana cikin kemo, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki je da littafinki.