Yadda Na Gyara Kuskuren Na'urar GPS a Fadamar Kware

Makonni biyu na yi ina fama da na'urar GPS ta hannu wadda nake auna gonaki da ita, domin duk iyakar da na ɗauka a bakin Gulbin Rima sai manhajar kwamfuta ta jefa ta tsakiyar gonar maƙwabci, da tazarar kusan mita 100. Sau uku na rubuta wa kamfanin na'urar, amsarsu ɗaya ce, wai in kashe in kunna. Ashe na'urar tana kan ma'aunin Minna, wato tsarin ƙididdige matsayin wuri na tsofaffin taswirorin Najeriya, manhajar kuwa WGS 84, ma'aunin duniya da GPS ke amfani da shi, take karantawa. Na mayar da su duka kan WGS 84, na zaɓi shiyya ta 31 inda Sakkwato take a tsarin UTM da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, sai iyakar ta sauka daidai gindin giginyar da dattawa suka nuna mini.