Ku bar kwaɓin fokaca ya kwana a firiji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu gasa fokaca, burodin nan na Italiya mai faɗi da ke shan man zaitun, ku huta da murza kwaɓi. Ku kwaɓa da daddare, ku rufe, ku sa a firiji ya kwana.

Fulawa giram 500, ruwa mililita 400, gishiri giram 10, yis ƙaramin cokali ɗaya. Juyawa da muciya ta isa. Zai yi ruwa-ruwa yana kama hannu, don Allah kada ku ƙara fulawa! Ruwan ne ke ba shi ramukan ciki.

A cikin sanyi yis yana aiki a hankali, fulawa ta jiƙa ta yi danƙo da kanta, ɗanɗano ma ya fi fitowa.

Da safe ku malala mai a farantin gashi, ku juye kwaɓin, ku bar shi kamar awa 2 sai kun ga kumfa ta taso. Ku shafa mai a yatsu, ku danna har ƙasa. Mutanen Jenowa, wani birni a Italiya, kan haɗa ruwa, mai da gishiri su zuba cikin ramukan, saman ba ya bushewa. Gashi a digiri 220 na Celsius, minti 20 zuwa 25.

Amma idan wuta ta ɗauke cikin dare lokacin zafi, kwaɓin zai wuce ƙa'ida, ya yi tsami ya zube. In ba ku da tabbacin wuta, ku kwaɓa da safe ku gasa a ranar.