Darasi na 9: Daga Kano zuwa Jidda, awa nawa ne?

Mutanen da, in sun yi niyyar aikin Hajji, sukan bi ta Barno, su ratsa Cadi da Sudan, su haye Bahar Maliya a jirgin ruwa. Wani watanni yake yi a hanya, wani shekaru, yana tsayawa ya yi ƙodago ya tara guzuri. Yau maniyyaci kan yi sallar Asuba a Kano, ya yi La'asar a Jidda.

Tsakanin Kano da Jidda ta sama, kusan kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja, in ya daidaita a sararin sama, yakan ci kamar kilomita 850 a awa ɗaya. To, kowa ya ɗauki fensirinsa. A awa 2 jirgin ya ci 1,700. A awa 4 ya ci 3,400. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa, kuma dole ya sassauta kafin ya sauka, shi ya sa tafiyar kan kai awa 4 da rabi ko 5. Takan fi haka in aka yi zagaye, kamar yadda ya faru a 2023 da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo, kuma a nan nake so mu natsu. Saudiyya tana gabas da mu, gari yakan riga waye musu, don haka agogonsu ya wuce namu da awa 2. A tikiti, lokacin tashi na agogon Kano ne, lokacin sauka kuwa na agogon Jidda.

A ce tikiti ya nuna tashi 10:00, sauka 17:00. Duk lambar da ta haura 12, a cire mata 12: wato 17:00 ƙarfe 5 na yamma ke nan. Mai gaggawa zai ce awa 7 aka yi a sama. A'a, a cire awa 2 na bambancin agogo, saura 5. Iyalin da ke jiran waya a Ringim ko Gwarzo su sani, lokacin da Alhaji ya sauka, ƙarfe 3 ne a wajensu. Mai shan maganin hawan jini ko ciwon sukari a kan lokaci, don Allah ya nuna wa likita tikitinsa tun kafin ranar tashi. Salla kuwa, da lokacin garin da aka sauka ake yin ta.

Aikin gida: Hajiya ta taso daga Jidda 10:00, jirgi ya yi awa 5. Da ƙarfe nawa na Kano za ta sauka? Ku tuna, a dawowa agogo baya ake mayar da shi.