Yadda Ake Renon Tumatir a Bayan Gida a Jos

Tambaya ta yi yawa kan lokacin zuba irin tumatir a nan Jos. Ni dai na fi son ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, da ruwa ya fara ɗaukewa. Na damina yana shan wahala, ruwan Yuli da Agusta kan jawo masa ciwon ganye.

1. Ka zaɓi wurin da rana ke haskawa tun safe.
2. Ka yi komi mai faɗin mita 1.
3. Ka gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sarai.

Hattara: ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. In har yana wari yana ɗumi a hannu, bai yi ba tukuna.

4. Ka ja layuka da yatsa, zurfin santimita 1.
5. Ka zuba irin jefi-jefi, ka rufe da ƙasa kaɗan.
6. Ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai.
7. Ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma da gwangwani mai huji.
8. Da ya tsiro, wajen mako guda, ka ɗauke ciyawar.

Nan mutane suka fi yin kuskure. In ka bar ta, tsiron zai miƙe siriri, fari fat, ya kwanta.

9. Bayan mako 4 ka dasa shi da yamma, tazarar santimita 50.
10. Ka kafa wa kowanne sanda kafin ya fara fure, iskar hunturu ba ta da sauƙi.