Idan Makullin Ƙofa Ya Fara Cijewa

Wanda ya kama gidan haya a ƙasar sanyi yakan lura cewa da zarar hunturu ya kankama, mabuɗin da a da yake juyawa salin-alin ya soma gardama. Kafin a ɗora wa makullin laifi, ya kamata a gwada shi ƙofa tana buɗe. Idan ya juya lafiya, to matsalar tana ga zaman ƙofar, domin itace yana kumbura da laima, ko kuma sukurorin hinji su saki har ƙyauren ya ɗan sauka, sai sakata ta daina faɗawa daidai cikin raminta. A duba ƙarfen da ke bakin ramin, za a ga wurin da sakata ke gugarsa ya yi sheƙi. Sau da yawa ɗaure sukurorin kaɗai yakan wadatar.

Idan kuwa yana cijewa ko da ƙofa tana buɗe, ƙura ce ta taru a ciki, ko kuma haƙoran mabuɗin sun cinye. Kada a zuba man girki ko man inji, domin suna kama ƙura su daskare, bayan 'yan watanni abin ya fi na da muni. Garin girafait, wato sinadarin bakin fensir, shi ya fi dacewa, kuma ko goga bakin fensirin aka yi a haƙoran mabuɗi, aka shigar aka fitar sau da dama, za a ji sauƙi. Man feshi na WD-40 yana sassauta tsatsa, amma santsinsa ba ya daɗewa. Abin da na fi jan kunne a kansa shi ne murɗawa da ƙarfin tsiya, saboda mabuɗin da ya karye a ciki sai an kira mai gyara.

Game da tsaro, tambayar farko ita ce mutum nawa suka riƙe mabuɗin nan kafin kai. Canza makullin yana da amfani, amma a fara karanta yarjejeniyar haya a nemi izinin mai gida a rubuce. A Ingila kamfanonin inshora sukan nemi makulli mai shaidar inganci ta BS 3621, sannan silinda, wato ɓangaren da ake zura mabuɗi a ciki, mai taurari 3 a ma'aunin inganci na TS 007 an yi ta ne don ta jure dabarar ɓarayi ta karya silinda. A Amurka ana raba makullai mataki 3 na ANSI, cibiyar tsara ma'aunin inganci ta ƙasar, kuma mataki na 1 ya fi ƙarfi.

Makulli mai tsada ba ya hana a ɓalle ƙofa da ƙafa idan gajerun sukurori ne suka riƙe ƙarfen ramin sakata, don haka a musanya su da masu tsawon santimita 7 zuwa 8 da za su kama katakon ginin. A kuma tabbatar ana iya buɗewa daga ciki ba tare da neman mabuɗi ba, musamman a gidan bene mai mafita ɗaya, saboda gobara.